Me ya sa Dakota ta Arewa ta sallami kocin da ya ci mata kofi, ta ɗora mataimakinsa?

Wani ƙanenmu da ya je karatu garin Grand Forks, a jihar Dakota ta Arewa ta Amurka, ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ya sauka, duk inda ya zauna da abokan karatunsa zancen ɗaya ne, wato korar Brad Berry, kocin hokin ƙanƙara na Jami'ar Dakota ta Arewa, a watan Maris na 2025. Abu biyu ne suka ɗaure masa kai. Yaya za a sallami mutumin da ya ci kofin ƙasa, kuma wasannin da ya ci sun kusa ninka waɗanda ya faɗi? Sannan bayan an yi ta raɗe-raɗin manyan sunaye, me ya sa aka ƙare da ɗora mataimakinsa Dane Jackson, wanda duk abin da aka yi tare aka yi da shi?

Ƙanena, sannu da sanyi. Na yi shekaru ina aiki a ofishin wasanni na wata jami'a a wannan yanki, ɓangaren da ke kula da takardun 'yan wasa, kuma na ga irin wannan rana da idona. Amsar tambayarka ta biyu ita ce ta fi nauyi, amma ba za ta fito ba sai mun bi ta kan ta farko.

Ka fara duba garin da kake. Grand Forks ba ta kai mutum dubu 60 ba, jihar kuma ba ta da ƙungiya ko ɗaya a manyan gasannin ƙwararru na Amurka. Ƙungiyar hokin jami'ar ita ce abin alfaharin jihar baki ɗaya. Filin da suke wasa, wanda attajiri Ralph Engelstad ya gina da fiye da dala miliyan 100 aka buɗe a 2001, yana ɗaukar mutum sama da 11,000. Engelstad kansa tsohon mai tsaron gidan ƙungiyar ne. Idan ka shiga za ka ga daɓen dutse mai sheƙi da kujerun fata, ka ga dattijo da jikansa sanye da koren riga iri ɗaya, sun tuƙo mota awa uku cikin dusar ƙanƙara don wasan daren Juma'a, kuma gobe Asabar za su dawo. A saman rufin akwai tutocin kofin ƙasa guda 8, na 1959, 1963, 1980, 1982, 1987, 1997, 2000 da 2016. Duk kocin da ya tsaya a bayan benci, ƙarƙashin waɗannan tutoci yake tsaye, kuma da su ake auna shi.

Tutar ƙarshe ta Berry ce. Ya karɓi aiki a 2015 lokacin da Dave Hakstol ya tafi Philadelphia Flyers a gasar ƙwararru ta NHL. Hakstol ya yi kaka 11, ya kai ƙungiyar Frozen Four, wato zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, har sau 7, bai taɓa ɗaga kofin ba. Berry a kakarsa ta farko ya doke Quinnipiac da ci 5 da 1 a birnin Tampa a Afrilun 2016, ya zama koci na farko da ya ci kofin ƙasa a shekarar da ya fara riƙe ƙungiya. A cikin kaka 10 ya ci wasa 227, ya faɗi 119, ya yi canjaras 35. Ya ɗauki kofin Penrose, wanda ake bai wa ƙungiyar da ta ƙare a saman teburin rukuninsu na NCHC, har sau 5. Wannan rukunin kuwa ba wurin wasa ba ne, domin a cikinsa Denver da Minnesota Duluth da Western Michigan suke, kuma dukansu sun ci kofin ƙasa bayan 2016.

Matsalar tana cikin watan Maris. Jami'o'i sittin da 'yan kai ne ke buga hoki a babban aji, 16 kaɗai ke shiga gasar ƙasa, ita kuma sili ɗaya ƙwale ce. Babu gida da waje, babu ramuwa. Daga 2017 zuwa 2025, wasa ɗaya rak Dakota ta Arewa ta ci a wannan gasa, a kan American International a 2021. Sau huɗu ma ba ta samu shiga ba: 2018, 2019, 2023 da 2025. A kakar ƙarshe Western Michigan ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe na rukuni, kuma ranar 23 ga Maris daraktan wasanni na jami'ar, Bill Chaves, ya sanar da cewa an raba gari da Berry.

A nan zan ɗan tsaya, domin ina ganin mutane da yawa ba sa yi wa Berry adalci idan suna karanto wannan lissafi. Hoki wasa ne da ɗan faifan roba ke iya dukan ƙafar mutum ya karkace ya faɗa raga, kuma gola ɗaya da ya tashi da ƙafar dama yana iya tare hari arba'in ya kori ƙungiyar da ta fi tasa nesa ba kusa ba. A 2017 Jami'ar Boston ta fitar da su a ƙarin lokaci na biyu. A 2022 Notre Dame ta fitar da su da ci 2 da 1, shi ma a ƙarin lokaci. Na 2021 kuwa har yau idan na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. A Fargo aka buga, Minnesota Duluth na gaba da ci 2 da nema, saura ƙasa da minti biyu a tashi. Berry ya cire gola ya ƙara ɗan wasan gaba, yaransa suka farke duka biyun. Wasan da ƙa'idarsa minti 60 ne sai da ya kai minti 142, ƙarin lokaci har biyar, mafi tsawo a tarihin gasar. Dare ya raba, yara suna jan ƙafa a kan ƙanƙara kamar waɗanda suka yini a gona, kafin wani matashi mai suna Luke Mylymok ya jefa wa Duluth ta uku. Wane koci ne za a ce ya gaza a irin wannan dare? Ga kuma 2020, lokacin da ƙungiyar ta ci wasa 26 ta faɗi 5 kacal, tana cikin waɗanda kowa ke kyautata wa zaton ɗaukar kofi, sai annobar korona ta sa aka soke gasar gaba ɗaya.

Saboda haka ni ban yarda cewa faɗuwar watan Maris ita kaɗai ta isa hujja ba. Abin da ya fi ƙarfi a hujjar jami'ar shi ne rashin shiga gasar sau huɗu. Wannan ba sa'ar dare ɗaya ba ce, sakamakon wasanni kusan 40 ne na kaka guda. Makarantar da ke da irin wannan fili da irin waɗannan magoya baya, a ce ba ta cikin 16 na farko a ƙasar, to akwai abin da ya karkace. Sai kuma zafin gani ga maƙwabci. Denver, ɗaya daga cikin manyan abokan hamayyarsu, ta ci kofi a 2017 da 2022 da 2024, ta kai 10, ta wuce kowa har da Michigan mai 9. Kuma yadda Denver ta kai nan yana cikin zuciyar duk wani daraktan wasanni. A Afrilun 2013 ta sallami George Gwozdecky, wanda ya yi kaka 19 ya ci mata kofi biyu a jere a 2004 da 2005, bayan shekara shida a jere suna shiga gasa amma wasa ɗaya kawai suka ci. Mutane sun yi ta surutu a lokacin. Ta kawo Jim Montgomery, shekara huɗu bayan nan ya ɗaga kofi. Tun daga ranar, cin kofi a baya ya daina zama garkuwar koci a wannan wasa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Kai da ka taso kana kallon ƙwallon Ingila, ka saba da cewa idan an kori koci, sabon zai zo a buɗe masa lalita ya shiga kasuwa ya sayo waɗanda yake so. A hokin jami'a babu sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya. Zawarci ake yi. Mataimakan koci suna yawo a mota cikin hunturu, garuruwan Manitoba da Saskatchewan da Minnesota, suna kallon yara 'yan shekara 15 da 16, suna zama a falon iyayensu. Yaro ya yi alkawarin zuwa, sannan ya tafi ya yi shekara ɗaya ko biyu a gasar matasa irin USHL, ya shigo jami'a yana 19 ko 20. Ma'ana, ƙungiyar da za ta fito fili nan da shekara uku tana nan a warwatse, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne amanar da ke tsakanin iyaye da mutumin da ya zauna a falonsu.

Na tuna washegarin ranar da aka sallami wani koci a inda na yi aiki. Ƙarfe bakwai na safe wayar ofis ta fara ƙara. Wata uwa ce daga Kanada, muryarta na rawa. Ɗanta ya ƙi tayin makarantu biyu saboda alkawarin da kocin ya yi masa, tana tambaya ko tallafin karatun yana nan, ko sabon da zai zo zai san da zamansa. Ba ni da amsar da zan ba ta. Kafin azahar, yara uku daga cikin waɗanda ke ƙungiyar sun shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa da jakar kayansa a kafaɗa, suna tambayar yadda ake shigar da suna a rajistar masu neman canja makaranta. A daidai wannan lokaci magoya baya suna can suna jera sunayen manyan kociyoyi, mu kuma muna ƙirga kwanaki.

Kuma kwanakin sun ƙara tsada, domin dokokin sun juye cikin shekara huɗu. Tun 2021 ɗan wasa zai iya canja makaranta ya buga nan take, ba sai ya zauna shekara guda a benci kamar da ba. A Yulin 2021 kuma aka halatta wa 'yan wasan jami'a samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Sai babban cikinsu: a Nuwamban 2024 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta amince cewa daga Agustan 2025, yaran da suka buga babbar gasar matasa ta Kanada, CHL, za su iya shiga jami'o'in Amurka. Shekara da shekaru an hana su, ana ɗaukarsu a matsayin ƙwararru saboda ɗan alawus ɗin da ake ba su. Rana ɗaya aka buɗe ƙofar rumbu mai ƙungiyoyi kusan 60. Grand Forks kuwa tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga iyakar Kanada. A Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sasancin da ya bai wa jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye. To ka ga lokacin da aka sallami Berry, ana dab da shiga bazarar zawarci mafi girma da wasan ya taɓa gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar ba ta da wata guda na yin dogon bincike.

Sunayen da suka fi yawo a bakin mutane duk 'yan gida ne. A lokacin Hakstol yana zaune babu aiki tun da Seattle Kraken ta gasar NHL ta sallame shi a Afrilun 2024, don haka sunansa ne ya fara zuwa zukata. An yi ta ambaton Matt Smaby, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda a lokacin yake horar da Waterloo a USHL. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin gidan ya saba da gado. Dean Blais, wanda ya ci kofin 1997 da 2000, ya taɓa zama mataimakin Gino Gasparini. Hakstol mataimakin Blais ne, Berry mataimakin Hakstol. Dane Jackson ya buga wa jami'ar daga 1988 zuwa 1992, ya dawo mataimaki a 2006, ya yi kaka 19 a wannan kujera ƙarƙashin kociyoyi biyu. An ba shi riƙon ƙwarya ranar da aka sallami Berry, kafin mako ya zagayo aka tabbatar masa da aikin.

Na san abin da ke ranka, kuma na ji shi daga bakin mutane da yawa: idan gidan ya lalace, yaya za a miƙa shi ga wanda ya shekara 19 a ciki? Tambaya ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Amma mataimaki ba inuwar maigidansa ba ne. Yakan ga abin da ya kamata a canja, ya faɗa a ɗaki, a ƙi ɗauka, ya fito ya kare shawarar maigida a gaban yara domin haka aikin ya gada. Abin dubawa shi ne me ya yi da ya samu wuƙa da nama. Jackson ya kawo Smaby, wanda jiya ake cewa abokin takararsa ne, ya zama babban mataimakinsa. Ya kuma buɗe kujerar da ba a saba gani a hokin jami'a ba, ta babban manaja, ya ɗora Bryn Chyzyk, ɗaya daga cikin yaran da suka ci kofin 2016, aikinsa shi ne lura da jerin 'yan wasa da zawarci. A ganina wannan shi ne ainihin abin da Chaves ya saya. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya horar da ƙungiya da rana, ya kwana yana waya da wakilan yara a Kanada.

Kada ka ɗauka ɗora ɗan gida koyaushe shi ne daidai, ko kuskure. An gwada duka biyun a shekarun nan. Jami'ar Boston ta sallami Albie O'Connell a 2022, ta ɗora mataimakinsa Jay Pandolfo, ya kai su Frozen Four sau uku a jere, har wasan ƙarshe a 2025 inda Western Michigan ta doke su 6 da 2. Michigan ta rabu da Mel Pearson a Agustan 2022, ba don rashin nasara ba, domin a shekarar ma ya kai Frozen Four. Rahoton wani kamfanin lauyoyi kan yadda ake mu'amala da 'yan wasa da ma'aikata ne ya jawo, shi kuma Pearson ya musanta zarge-zargen. Saura wata biyu a fara kaka, babu lokacin neman kowa, aka bai wa Brandon Naurato riƙon ƙwarya alhali shekara ɗaya kacal ya yi a matsayin mataimaki. Ya kai su Frozen Four a 2023 da 2024. Wisconsin kuma waje ta duba. Ta sallami Tony Granato, tsohon ɗan wasanta, a Maris ɗin 2023 bayan kaka 7 da sau ɗaya kawai ya shiga gasar ƙasa, ta ɗauko Mike Hastings daga Minnesota State. Wasu daga cikin yaransa suka biyo shi, wasannin da ƙungiyar ta ci suka tashi daga 13 zuwa 26 a shekara guda, a shekara ta biyu kuma suka koma 13.

Bambancin da nake gani shi ne abin da jami'a ta yi imani ya lalace. Wisconsin ta ƙare a ƙasan teburin rukuninta, babu abin da take tsoron rasawa, don haka ta nemi baƙon hannu ya sake gini daga tushe. Boston da Michigan da Dakota ta Arewa suna da yara masu kyau a ɗaki da wasu a hanya, tsoronsu kada su watse. Idan ka ji ana raɗe-raɗin magaji a kowace makaranta, wannan tambayar za ka fara yi, kafin ka saurari sunaye. Sannan ka tambayi kanka ko babban sunan da ake kira zai iya barin inda yake a wannan makon. Kocin da ƙungiyarsa ke cikin gasar ƙasa a ƙarshen Maris ba zai zauna da kowa ba sai an fitar da shi, kuma yawanci yana da kuɗin fansa a kwantiraginsa da sai an biya. Wasu sunayen ma wakilan kociyoyi ne ke sakinsu ga 'yan jarida domin makarantar da mutuminsu yake ta ƙara masa albashi.

Ni dai abin ya taɓa ni. Berry ya buga wa wannan jami'a a shekarun 1980, ya yi mata mataimaki zango biyu, ya kawo mata kofin da ta shekara 16 tana nema, kuma mafi kyawun ƙungiyar da ya haɗa bayan nan annoba ta hana ta gwada kanta. Da ni ne mai yanke hukunci, da zuciyata ta so a ƙara masa shekara guda. Amma na fahimci wanda ya duba bazarar da ke tafe ya ce shekara guda ta yi tsada, domin yaron da ya yi wa Michigan ko Boston alkawari a watan Mayu ba zai dawo ba.

Kuma ɗora ɗan gida bai hana asara ba. Sacha Boisvert, wanda Chicago ta zaɓa a lamba ta 18 a zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL suka yi a 2024, kuma aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa na rukunin a kakar Berry ta ƙarshe, ya tattara kayansa ya koma Jami'ar Boston bayan tafiyar Berry. Wasu ma sun fita. Amma sabuwar ƙofar Kanada ta yi aikinta: kafin bazara ta ƙare, yara biyu daga Victoria Royals sun yi alkawarin zuwa Grand Forks, mai tsaron baya Keaton Verhoeff ɗan shekara 17, da Cole Reschny, wanda Calgary ta zaɓa a Yunin 2025, shi ma a lamba ta 18. Shekara guda kafin nan, doka ba za ta bar ko ɗayansu ya sa koren rigar ba.